Jirgin da Ba Lamba da Mai Korar Jan-baki

Tunda ka kawo zancen jiragen nan, bari in ba ka wani misali. An yi wani manomin shinkafa a wata fadama, mutum mai sanyin rai, wanda bai ɗauki duniya da zafi ba. A wata shekara shinkafa ta yi kyau, ta fid da kai, ƙwaya ta fara ɗaukar ruwa, kuma wannan ne lokacin da tsuntsayen jan-baki ke sauka kamar hayaƙi su tsotse gona a bar mai ita da ƙaiƙayi. Don haka kowa ya kafa doguwar rumfa a tsakiyar gonarsa, ya ja igiyoyi zuwa kusurwoyi, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, yana wuni yana girgizawa yana ihu. Ana cikin haka sai ga wani jirgi mai saukar ungulu, baƙi wuluk, ba lamba ba tuta, ya yi shawagi a kan kurmin da tsuntsayen ke kwana, ya juya ya tafi. Kafin la'asar teburin mai shayi ya cika da masana. Wani ya ce zinariya ake nema, wani ya ce makamai ake saukewa, har da wanda ya rantse ya ga fuskar matuƙin, alhali ko akuyarsa ba ya ganewa daga nesa. Amma zancen da ya fi yi wa manoma daɗi shi ne wai gwamnati ce za ta yi wa tsuntsayen feshi a asirce, shi ya sa aka goge lambar. Maƙogwaro ya gaji da ihu, sai ɗaya bayan ɗaya suka sauko daga rumfuna, wasu har suka kwance igiyoyin suka kai gida aka ɗaure tumaki.

Shi ma manomin nan ransa ya biya, don muryarsa ta dishe, kafaɗa ta yi tsami. Bai ƙaryata kowa ba, bai san na wane ne jirgin ba. Abin da ya sani, shinkafar nan ita ce tuwon gidansa har wata damina. Sai ya ce a ransa, in sun fesa alhamdulillahi, in ba su fesa ba ga ni. Ya ci gaba da hawa rumfarsa da gorar kunu, yana jan igiya yana 'yar waƙarsa, iskar fadama na kaɗa shi, kuma gaskiya yana jin daɗin zaman. Jirgi bai dawo ba. Jan-baki kuwa ba su ji labarin feshi ba, suka sauka a gonakin da suka yi tsit, suka ci suka ƙoshi. Ranar bugun shinkafa maƙwabta suka zo taya shi, ya cika wa kowa ƙwarya da zuciya ɗaya, suna ɗauka suna gardama, yanzu kuma wai jirgin ne ya kawo tsuntsayen. Ya yi murmushi ya ɗaure bakin buhunansa. Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi.