Zankon Zakarun Neville

Zakara na uku Neville ya tarar da safiyar Laraba, jini na bin wuyansa, an shafce masa zanko da reza kamar biyun farko. Saura kwana tara gasar kaji, kuma alƙalan gasar nan zanko suke fara dubawa. Shekara shida kofin yana kan firjin Neville.

Ya tsaya a bakin akurki yana tari har ya durƙusa. Ƙurar rumbun alkama ta shekara arba'in ce ta cinye masa huhu, ƙwayoyin cuta suka samu gida. A watan Mayu likitar garin ta ce sun daina jin allura, amma akwai ruwan gishiri mai sinadarin hayaluronik da ake shaƙa, wataƙila ya sassauta majina. Ta fara cewa a da daga zankon zakara ake tatso shi. Neville bai bari ta ƙarasa ba, ya ɗauki hularsa ya fita, matarsa Merle ta bi shi da jaka. Haka yake, kunnensa na ado ne.

Tun daga lokacin abin da ya yarda da shi kawai suracen Merle ne, tukunya shuɗiya da tawul kowace safiya. Yakan yi mita cewa ruwan na ƙarni, ta ce ya rufe baki ya shaƙa.

Ba dingo ba ne, karen daji ba ya riƙe reza. Neville bai wahalar da kansa ba wajen neman mai laifi. Clarrie maƙwabcinsa shekara shida yana zuwa na biyu, bana kuma ya janye sunansa ba dalili. Sau biyu an ga a-kori-kurarsa a ƙofar gonar Neville da hantsi. A mashaya ma an ce ya daina barin kowa ya leƙa kajinsa.

Merle ta tare ƙofa da hannunta mai karce-karce, ta ce ya zauna akwai magana. Ya ture ta har ta bugi tebur, ya ɗauki ƙarfen shinge ya shiga mota, sai gidan Clarrie.

Clarrie na gyaran famfo ya ɗago yana murmushi.

"Mutumina, yau ƙirjin ya bar ka ka fito?"

Dukan farko a muƙamuƙi ya sauka. Na biyu ya karya hannun da ya kare da shi. Clarrie ya faɗi cikin taɓo, Neville ya bi shi da takalmi a haƙarƙari, yana haki yana zagi, tsoho ɗan saba'in yana dukan wanda suka yi firamare tare. Abin ba kyan gani. Clarrie bai rama ba. Ya yi ta ƙoƙarin magana, jini kawai ke fitowa.

"Uku ka yanka min," in ji Neville, ya zaro wuƙa daga ƙugu. "Ni duka zan yanka."

Ya nufi akurkin Clarrie, ya ɓalle kwaɗon da ƙarfen, ya banka ƙofa.

Zakaru goma sha ɗaya suka juyo suna kallonsa. Babu mai zanko ko ɗaya, kuma duk miki ya daɗe da warkewa. A jikin ƙusa akwai takarda da rubutun Merle, ranaku a jere tun daga watan Mayu, kowane zakara da ranarsa. A ƙasa Clarrie ya ƙara da fensir: "Nawa sun ƙare, Merle. Zankon tukunyar surace sai ki taɓa na Neville, in ya gane, ki ce ni ne."