Takardun Cikin Riga

A bakin ƙofar ofishin ya tsaya, ya zare takardun digirinsa biyu daga fayil, ya cusa su cikin riga. Shekara uku ke nan ana sallamarsa da magana ɗaya: "Malam, karatunka ya fi ƙarfin kujerar nan." Sai ka ce kujerar ce ta kai ƙara. Ga matarsa, haihuwa yau ko gobe.

Da takardar sakandare kaɗai ya shiga neman aikin akawu. Ya cike fom, ya sa hannu cewa iyakar karatunsa ke nan, in an kama shi da ƙarya a kore shi.

Manaja ya yi ta jefo tambayoyi, shi kuma yana amsawa. Can manajan ya ajiye biro.

"Wallahi ka burge ni. Sai dai wannan karon mai digiri muke nema." Ya turo masa fayil ɗin. "Shawara zan ba ka kamar ƙanena, ka koma makaranta. Ƙwaƙwalwa irin taka, a bar ta haka asara ce."

Ya yi godiya, ya fito. Gumi ya riga ya manne takardun a ƙirjinsa.