Kakan Alhaji Hambali na Majalisar Amurka

A wani shagon gwanjo na 'yan agaji da ke unguwar Catford ta Landan Alhaji Hambali ya tsinci kakansa, jingine a bayan wani tsohon toaster na gasa burodi.

Hoto ne da ya yi jaja-jaja irin na mutanen da. Baƙin mutum cikin kwat mai jela da doguwar malfa, gemu buzu-buzu, littafin shari'a a hammata, tutar Amurka a bayansa. A kuncin hagu kuma ga shasshawa, sak irin ta dangin uwar Alhaji.

Jam'iyya na gab da fitar da ɗan takarar kansila, kujerar da Alhaji ke nema. Abokiyar karawarsa lauya ce, shi kuwa kantin katifa gare shi. Kafin motarsa ta kai Lewisham kaka ya sami tarihi: an sato shi daga ƙasar Katsina, ya yi bauta a gonar auduga, ya koyi shari'a a hasken kyandir, ya shiga majalisar wata jiha bayan yaƙin basasar Amurka. Da aka tsaya a danja har ya kayar da alƙali Bature.

Basma, matarsa, tana ganin hoton a falo ta saki tiren shayi.

"Alhaji, mala'iku ba sa shiga gida mai hoto."

Ita da hoton bikinsu ya cinye rabin bango! Ya ce hassada ce kawai irin ta dangin da ba su da tarihi. Daga ranar ta koma kallon talabijin a kicin.

Ranar taro aka yi booking ɗin hall, aka kafa kaka kan teburi. Alhaji ya dafa ƙirji, ya jawo "my great-grandfather" ta hanci kamar mai mura, ya lissafo dokokin da marigayi ya kawo don makarantun 'ya'yan bayi. Sau biyu yana share hawayen da ba su zo ba. Lauyar nan tana gefe tana tsotsar biro.

An ɗauko Teema daga makarantar kwana don ta cika hoton iyali, 'yar da Basma ta shigo gidan da ita. Wata tsohuwar Baturiya ta dubi yarinyar, ta dubi kaka, ta ce kai, wannan goshi da wannan hanci ai iri ɗaya ne! Wuri ya ɗauki tafi. Basma ta fara laluben ƙofa.

Alhaji ya ga kujera ta zo hannu. Ya jawo yarinyar gaba, ya kanga mata makirufo.

"Faɗa musu, 'yata. Wane ne wannan?"

Teema ta karkata kai, ta yi murmushi, ta amsa da Turancinta tar-tar, ta ce ai babanta ne, Jamaldeen, a shagon ɗaukar hoton nan na garin Brighton da ake ara wa mutane kayan mutanen da da gemun roba, kuma Mummy ce ma ta zaɓa masa malfar.