Masoyan Faifai Na Huɗu

"Hamsin zan saya yau," in ji wani dattijo, yana nuna kwalin da ke ƙarƙashin tebur a shagon Sujan.

Sujan ya tsaya yana kallonsa. Faifan CD huɗu ƙungiyarsu ta mawaƙa ta fitar, kiɗan samari mai gudu da ihun jita. Na farko ya girgiza Kathmandu, na huɗun kuwa shekara tara yana shan ƙura a cikin kwalin nan. Mai gangarsu tuni ya tafi leburanci Doha, Sujan ma jibi jirginsa zai tashi.

"Baba, wa ke neman faifanmu haka?"

"Duk ƙauyenmu, ɗan nan. Wanda ya gani sai ya ce in sayo masa. Babu kamar naku."

Jirgi ya tashi babu Sujan. Matarsa ta ce kansa ya taɓu. Ya goge jita, ya rina gashinsa ja kamar da, ya hau motar Dhading, inda ƙauyen dattijon yake.

Dattijon ya tarbe shi da shayi, ya ja shi bayan gari. Gonakin gero ne hawa-hawa a jikin dutse. Kowace gona da faya-fayai rataye a zare, suna juyi suna walwali, fuskar Sujan na leƙowa tana ɓuya.

"Ka gani? Ko tsuntsu ɗaya ba ya sauka." Sai ya lura da jitar. "Wannan fa?"

"Waƙoƙin ciki na zo in rera muku."

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi faifan da ke lilo.

"Dama akwai waƙa a ciki?"