Wilin A-kori-kura

Alhaji ya bar mai shagon kayan mota yana ta yabon wilin alminiyam da suka fi ƙyalli a Garoua. Shi kuwa ya durƙusa yana ɗaga kowanne, yana ƙwanƙwasawa, yana kasa kunne.

"Alhaji, wai wanne kake nema wa a-kori-kurar taka?"

"Mai kauri, wanda zai narku da kyau."

"Sabon wili kake zancen narkarwa?"

Ya yi murmushi. "Hanyar Touboro ba ta barin wili ya tsufa. Ran da suka tsage, maƙera zan kai wa su zuba wa 'yata tukwanen aure. Tukunyar marigayiya uwarta ma, da wilin motar da ta kawo min ita amarya aka zuba. Har yau a ciki muke tuwo."