Kwalbar Lubna

Ranar da Goggo Kaltume ta cika mako a gidan ɗanta Waliyyu a Jega ta fara lura da kwalbar.

Daga Gehuru aka kawo ta ganin likita. Ya ce suga ya yi mata yawa, ta bar kokon nan nata mai zaƙi kamar alewa. Goggo ta ce ta ji, washegari ta ƙara cokali ɗaya na suga. Duk abin da aka ce mata na lafiya ne kuwa, ko kallonsa ba ta yi.

Kullum bayan magariba, surukarta Lubna kan shiga kicin, ta bar ƙofa a buɗe. Sai ta zuba wata farar tsaba mai kamar dusa a kwalba, ta kwara kindirmo, ta barbaɗa wasu baƙaƙen ƙwayoyi. Daga nan ta sunkuya, bakinta na motsi, ta rufe ta sa a firij. Da safe Waliyyu ya ɗauka ya wuce kasuwar albasa ta Aliero.

"Mi kika haɗawa haka, ɗiyata?"

"Ots ne, Goggo, hatsin Turawa. Na maigida ne shi kaɗai."

Shi kaɗai! Abincin da ba ya ganin wuta, sai ya kwana, kuma ana yi masa tofi? Ai ko yaro ya san sunan wannan. Dama ta lura ɗan nata ba ya musu da matarsa ko kaɗan.

Da asuba, Waliyyu na masallaci, Lubna na ɗaki, Goggo ta lallaɓa ta buɗe kwalbar. Ƙwayoyin sun kumbura kamar ƙwan kwaɗi. Ta nufi magudana za ta tuttular, sai hannunta ya ƙi. Matar da ta ga shekarar fari, ta tsinci gero ƙwaya-ƙwaya a masussuka, ba ta taɓa zubar da abinci ba, kuma kowa a gidan ya san haka. Ta tuna an ce asirin da aka yi da sunan wani ba ya kama wani. Ta yi bismilla ta shanye, ta cika kwalbar da fura da nono.

Abin haushi, da daɗi. Har da gyaɗa a ciki, an ma niƙe ta luƙui, ba ta wahalar da dasashinta ba.

Haka ta yi ta yi har wata ya kama. Cikinta kan cika dam, kokon ya huce a kwano ba ta taɓa ba. Waliyyu bai taɓa cewa abincinsa ya canza ba, abin da ya ƙara tabbatar mata an gama da shi.

Ranar da suka koma asibiti, likita ya duba jininta ya yi ta murmushi. Ita dai hararar Lubna take.

Bayan magariba Waliyyu ya sami matarsa a kicin tana haɗa kwalbar, ya leƙa tsakar gida, ya rage murya.

"Ni hwa hurag ga ta ishe ni. Amma likita ya ce kar a hwasa. Ga ta can bayan labule tana leƙe, ƙara motsa bakinki, kar ta daina ceto na."