Kada Ka Motsa

Wata uku ke nan rabon da tela ya zauna inuwa ɗaya da matarsa. Tun da ta kwashe yaransu biyu ta koma gidan wanta, sai ran Asabar yake ganinsu, awa biyu, kamar mai dubiya a asibiti. Don haka da ta aiko cewa za ta kai yara kangon tsohon barikin nan na bayan gari, in yana so ya zo, ko zaren da ke wuyansa bai tsaya cirewa ba.

Ita ma'aikaciyar jinya ce, amma duk ranar hutu kyamara na rataye a wuyanta, tana bin rusassun gine-gine. Nan ma rigimarsu ta samo asali. Ya taɓa ce mata ta fi tausayin bangon da ya faɗi a kan mijin da ke tsaye.

Wan nata ne ya kawo su. Ya ƙi fitowa daga mota, gaisuwa ma da ka ya amsa. Jiya-jiya wani abokin tela ya tsegunta masa cewa an yi wa mutumin canjin wurin aiki zuwa can nesa, kuma har da ƙanwarsa da yaran zai tafi. Tela ya haɗiye maganar.

Suka zaga ɗakunan da ba rufi, yara na ta tsalle. Da rana ta take, ya zauna a gindin wani bango mai ramuka, ya ɗora Auta a cinya, Yayarta ta jingina da kafaɗarsa. Matar ta ja baya taku goma, ta ɗaga kyamara.

Ƙyas! Sau ɗaya ta danna. Sai ta tsaya cak, ido a jikin kyamarar, har murmushin da suka shirya ya bushe.

"Yaya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "zo nan. A hankali, ban da gudu."

Yarinyar ta taso. Uwar ta damƙi hannunta, ta tura ta baya. "Wuce mota wurin Kawu. Kada ki dawo."

Tela ya bi yarinyar da kallo. Ashe abokinsa bai yi ƙarya ba. Wannan ba yawon buɗe ido ba ne, sallama ce aka shirya masa, har da hoton tunawa.

Ya yunƙura zai tashi.

"Kada ka motsa!"

Shekara tara suna tare, bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Fuskarsa ma ta ƙi kallo. Gumi ya jiƙe mata goshi.

"Auta, sauko ki zo wurin Mama."

Ya rungume yarinyar ƙam. "Wannan kam ba za ki raba ni da ita ba. Ku je da ɗaya, tunda haka kuka ƙulla ke da wanki."

Auta ta fara mutsu-mutsu, tana harba ƙafa, tana neman ɓare baki. Can waje Kawu ya danna odar mota, doguwa. Matar ta zabura kamar an tsikare ta da allura.

"Baban Auta," ta ce. Rabon da ta kira shi haka tun kafin ta bar gida. "Na yarda, kada ka sake ta. Kawo min ita da kanka. Sunkuya, ka taso a hankali, ka dube ni ni kaɗai. In ka taɓa jin maganata sau ɗaya a duniya, to yau ce."

Zuciya ta ce masa ya ƙi. Amma ya ga hawaye na zubo mata, ba ta ko ƙifta ido. Ya sunkuya, ya tashi. Taku ɗaya, biyu, uku.

Ya iso gabanta. Ta zube ƙasa, ta ƙanƙame shi da yarinyar gaba ɗaya, tana kuka ba sauti. Da ƙyar ta iya miƙa masa kyamarar.

Hoton ya yi kyau. Ga shi yana dariya, ga Yaya, ga Auta a cinyarsa. Daga ramin bangon kuma, tazarar tafin hannu da wuyansa, ga gamsheƙa baƙa wuluk ta fasa kai.